Ga Waɗanda Disamba Za Ta Riska a Hostal: Kwanon da Kowa Zai Sa Cokali

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, Musulminmu da Kiristanmu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na yi shi ne musamman don waɗanda hutun ƙarshen shekara zai riska a hostal, ba don suna so ba. Waɗanda suka riga suka biya kuɗin mota, Allah ya kai ku lafiya, ku gaida mutan gida. Mu da muka rage, ku matso, akwai abin da za mu haɗa.

Ba sai na yi dogon bayani kan abin da ke hana mu tafiya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da sai an zauna an yi shawara a gida. Daga Ibadan inda nake zuwa garinmu a jihar Katsina tafiyar sama da kilomita 800 ce, sai an kwana a hanya, kuma kowa ya san yadda iyaye ke riƙe waya a hannu tun daga lokacin da mota ta haye gadar Jebba har ta shiga Kaduna. Hutun kansa bai wuce mako 2 ba. Ka cire kwanakin zuwa da na dawowa da na warware gajiya, me ya rage? Shi ya sa Babanmu ya ce, "Ki yi zamanki, in an yi dogon hutu kya zo." Wannan ce Disamba ta uku da zan yi a nan.

Wanda bai taɓa yi ba, ga yadda abin yake. Daga wajen 20 ga wata hostal zai fara yin tsit. Masu sayar da abinci su rufe ɗaya bayan ɗaya. Ka leƙa ta taga ka ga ɗan hazo-hazo wai shi hunturu, wanda in a gida ne ko rigar sanyi ba za ka nema ba. Daga cikin gari kuma kiɗa ne, da waƙoƙin coci, da abin fashewar nan na yara har tsakar dare. Sai gayyata ta fara zuwa. Abokiyar ɗaki ko abokin aji da gidansu ke cikin gari ba zai iya barin ka kai kaɗai ba, a wurinsu abin kunya ne. "Mama ta ce lallai ki zo ranar 25." To a nan maganar abinci ke tasowa, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Kowa a cikinmu ya san wannan ɗan tsayawar da hannu ke yi kafin ya kai ga faranti a gidan da ba naka ba. Wa ya yanka kazar? Kek ɗin nan mai duhu, an jiƙa busassun 'ya'yan itacen cikinsa da giya ne, kamar yadda ake yi wa kek ɗin Kirsimeti da yawa? Wannan jelin mai rawa a kofi fa, da me aka daskarar da shi? Yawancinsa da jelatin ne, shi kuma daga fata da ƙasusuwan dabbobi ake samo shi, wani na shanu, wani na alade, kuma ba kowane kwali ne ke faɗa maka wanne ba ne. In ka tambaya, kamar kana tuhumar masu gida. In ka yi shiru ka ci, zuciyarka ba ta kwanta ba. In ka ce ka ƙoshi, matar da ta tashi tun asuba tana girki ta bi ka da kallo.

Ba mu kaɗai ke shiga wannan halin ba fa. Wata Babbar Sallah da ta same mu a tsakiyar jarrabawa, mu 'yan Arewa na benenmu muka yi karo-karo, aka samo nama daga Sabo, muka soya, muka bi ɗaki-ɗaki muna rabawa kamar yadda ake yi a gida. Akwai wata 'yar Anambara da ba ta daɗe da dawowa benen ba, tana karatun likitan dabbobi. Ta karɓi farantin hannu biyu, ta yi godiya, sai ta tsaya riƙe da shi. Can ta ce a hankali, "Don Allah kada ranki ya ɓaci, ba na cin nama. Ba don naku ne ba, kowane iri ba na ci." Wallahi fuskar da ta yi a lokacin na san ta farin sani. Ita ce fuskar da nake yi a gidajen mutane ranar Kirsimeti.

Daga baya muka saba, ta ba ni labari. Tun da aka kai su mayanka aikin koyo ta kasa ƙara kai nama baki, daga nan ta bar kifi, ta bar ƙwai, ta bar madara. Irinsu ake ce wa bigan. A Ingila aka ƙirƙiro kalmar a 1944, wani mai suna Donald Watson da abokan ra'ayinsa. Sun bambanta da masu barin nama kawai su ci ƙwai su sha madara. Su duk abin da ya fito daga jikin dabba ba sa taɓawa: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, jelatin, har zuma, tunda ƙudan zuma ne ya yi ta. Na san wani zai yi dariya ya ce Bahaushe da barin nama ai sai dai in aljihu ne ya hana. Nima ban bari ba, kilishina yana nan a loka. Amma ku duba abincinmu da kyau. Ƙosai, awara, ɗanwake da mai da yaji, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, kunun aya, zoɓo, kantu: ba ɗaya da dabba ta sa hannu a ciki. Mun daɗe muna cin abincin bigan, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

Da Disambar shekarar ta matso sai na zauna na lissafa waɗanda za su je gidan abokiyar ɗakina. Ni da wata 'yar Gombe, Musulmi, masu gudun giya da jelatin. 'Yar Anambara, mai gudun duk abin da ya fito daga dabba. Wata 'yar Kafanchan, Kirista, ita komai tana ci, amma ita ma kuɗin mota ya zaunar da ita. Sai wata 'yar Habasha da ke digiri na biyu, mabiyar cocin Otodoks. Su Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu, kuma kafin nan suna azumin kwana 40 da 'yan kai wanda ba a cin nama, ba ƙwai, ba madara, don haka ranar 25 ga Disamba tana tsakiyar azuminta. Ita kanta abokiyar ɗakin nawa, in ta sha madara cikinta ya dinga kuka ke nan har dare. Wannan ba baƙon abu ba ne. Mutane da yawa in sun girma jikinsu yana rage sinadarin da ke narka sukarin madara, kuma abin ya fi yawa a Kudu, ba kamar Fulani makiyaya ba da cikinsu ke karɓar ta har tsufa.

Mutum 6, kusan kowa da abin da yake kauce wa. Tambayar ita ce, akwai abu ɗaya mai daɗi, mai kama da na biki, da za a ajiye a tsakiya kowa ya sa cokali ba tare da ya tsaya tambaya ba? Akwai. Haɗin 'ya'yan itatuwa ne da madarar kwakwa da dabino. Rabinsa kayan Kudu ne da ke zube a kasuwa a wannan watan, rabinsa kuma kayan da iyayenmu mata ke cusa mana a jaka in za mu taho. Ba ya buƙatar murhun gashi, ba ya buƙatar bilenda, firij ma in babu akwai dabara.

Ga abin da za a nema, na mutum 8:

Abarba 1 matsakaiciya
Gwanda rabi, nunanniya amma ba wadda ta yi lugub ba
Ayaba 4
Lemun zaƙi 4
Lemun tsami 2
Busasshiyar kwakwa 2
Dabino 12 zuwa 15
Garin 'ya'yan kuka cokali 2 na cin abinci
Ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa
Soyayyar gyaɗa ko riɗi, tafin hannu 1
Gishiri ɗan mitsitsi

A kan kuka, a lura: farin garin nan mai tsami nake nufi, na cikin ƙwallon, wanda masu nono ke ƙarawa don kauri. Ba koren garin miya ba. Na faɗa ne saboda samari.

Mu a Ibadan, kayan marmari a Oje ko Bodija muke saye, dabino da kuka da riɗi kuma a Sabo. Na Legas kuna da Ketu da Agege, na Enugu kuna da Ogbete, na Owerri kuna da Ama Hausa. Duk garin da kuke, in kun nemi inda 'yan uwanmu ke zama za ku samu dabino. Kuma zuwa Sabo a wannan lokacin kansa magani ne. Dattijon da nake saye a wurinsa yana ganina zai ce, "'Yata, bana ma ba a je gida ba?" In ce, "Ba a je ba, Baba." Sai ya auna, ya ƙara gyara mai yawa, ya ce a gaida malamai. Wannan Hausar ta minti biyar tana riƙe ni mako guda.

Zaɓen kayan shi ne rabin aikin, don haka bari in faɗi abin da muke koya a aji, tunda kimiyyar abinci nake karanta. Abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta daga gona. Ko kwana nawa ta yi a ƙarƙashin gado, laushi kawai za ta yi. Saboda haka a kasuwa ake zaɓe: a shinshina gindinta, in ƙamshi na tashi ta yi, in ba ƙamshi a ajiye, in kuma warin tsami ne ta wuce. Kada launin bawo ya ruɗe ku. Doguwar nan da ake kira abarbar Kwatano sau da yawa koriya ce shar, cikinta fari, amma zaƙinta ya fi na masu ruwan ɗorawa da yawa. Lemu ma haka. Lemunmu, wanda yawancinsa daga Binuwai ake kawowa, yakan nuna yana kore, saboda sai da sanyin dare sosai bawon lemu ke juyewa, mu kuma ba mu da irin wannan sanyin. A ɗaga a ji nauyi, mai nauyi shi ne mai ruwa.

Ayaba da gwanda su kam suna ci gaba da nuna bayan an cire su. In kun sayi gwanda da saura, ku naɗe ta a takarda tare da nunanniyar ayaba guda, iskar da ayabar ke fitarwa za ta hanzarta ta cikin kwana 2 ko 3. Abin da za a kiyaye shi ne kayan da aka nunar da kabayid, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Ayabar da ta yi ruwan ɗorawa sumul ko'ina amma wuyanta kore ne, ko ka ga ɗan farin gari a jikinta, ko ka ɓare ka ji ba ƙamshi ba zaƙi, a bar wa mai ita. Gara mai ɗigo-ɗigon baƙi, ba ta da kyan gani amma ita ce ta nuna don kanta.

Yanzu aikin. Zan dinga cewa "ki", amma maza da ku nake. Wuta sau ɗaya za a kunna, na 'yan mintoci, ba wanda zai ce bai iya ba.

Tun da dare ki tsaga dabinon ɗaya bayan ɗaya, ki cire ƙwallo, ki duba ciki da kyau don wani yakan zo da tsutsa. Ki wanke, ki jiƙa da ruwan zafi kofi 1 ki rufe. In busasshen nan ne mai tauri irin na Agadas, sai ya kwana a ruwa. In mai laushi ne awa 1 ta isa. Da safe ki murje shi da bayan cokali ko ki dama da hannu mai tsabta har ya zama kamar kunu mai kauri. Shi ne sukarinmu, shi ne kuma madadin zuma.

Sai kwakwa. Ki fasa, ki tsiyaye ruwan a kofi ki sha abinki, ladan mai aiki ne. Ki ɓamɓare naman, ki wanke, ki goge da abin goga kuɓewa ta gefen ƙananan ramuka. Wannan ne wuri mafi gajiyarwa, a nan ake neman taimakon waɗanda suka zo kallo. Ki zuba ruwan ɗumi kofi 2, ba tafasasshe ba, ki cuɗa da hannu kamar minti 5, sannan ki juye a tsabtataccen ƙyallen tatar koko ki matse iya ƙarfinki. Abin da ya fito fari tas mai kauri shi ne madarar. Kada a ƙara ruwa don ta yi auki, kaurin muke so. Dusar da ta rage kuma kada a zubar. Ki ɗebi rabinta ki zuba a busasshen kasko, ba mai, wuta kaɗan, ki dinga juyawa har ta yi ja-ja ta fara ƙamshin kwakumeti. Ki sauke ta huce.

Ki haɗa madarar da damammen dabino. Ki tankaɗe garin kukan, ki dama shi da ɗan ruwa daban don kada ya yi gudaji, sannan ki zuba ki juya. Ki goge cittar, ki matse ruwanta kawai a ciki, ki sa gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ki bar shi minti 15. Za ki ga ya ƙara kauri, ya kawo ɗan tsami-tsamin nan da harshenmu ya saba da shi a fura da nono. Kukan ce ta yi wannan aikin. 'Yar Gombe da ta ɗanɗana cewa ta yi, "Wannan ai kindirmon da bai taɓa ganin saniya ba ne."

Wani zai ce me zai hana a zuba madarar gwangwani a huta da goga? Ko ba don 'yar Anambara ba, akwai dalili. Ɗanyar abarba da gwanda suna ɗauke da sinadaran da ke farfasa furotin. Shi ya sa iyayenmu ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, shi ya sa kuma abarba ke ɗan cin harshe. In suka zauna cikin madarar shanu, sai su kama farfasa furotin ɗinta, haɗin ya tsinke ya kawo ɗaci-ɗaci. Duk wanda ya taɓa shan haɗin kayan marmari na biki da ya daɗe a ajiye ya san ɗacin da nake nufi. Su ne kuma ke hana jelatin daskarewa in an sa ɗanyar abarba. Madarar kwakwa ba ta da wancan furotin na nono, mai ne ya fi yawa a cikinta, don haka ta fi jure zama da su.

Kayan marmarin su ne na ƙarshe, kusa da lokacin ci. A wanke su da ruwa mai tsabta tun kafin a fere, saboda wuƙa na ɗaukar dattin bawo ta shigar da shi ciki. Wuƙar da faifan yankan ma a tabbata ba waɗanda aka yanka albasa ko nama da su ba ne. Ki fere abarba, ki cire idanun da zuciyar nan mai tauri, ki yanka ƙanana daidai cokali. Gwanda ma haka. Lemu 3 ki ɓare su, ki cire farar fatar da 'ya'yan, ki gutsuttsura, na huɗun ki matse ruwansa a kai. Ayaba ita ce ta ƙarshen ƙarshe: kina yankawa kina matsa mata lemun tsami, tsamin ne ke hana ta yin baƙi da wuri. Mai son kankana ya sa, amma a gefe, don tana sakin ruwa ta tsinka komai. In agwaluma ta fara shigowa, wadda Yarbawa ke ce wa agbalumo, Ibo kuma udara, a kankare naman guda 2 a watsa. Na farkon kaka suna da tsami sosai, kaɗan ya isa.

Sanyi fa? In akwai firij kuma akwai wuta, shi ke nan. In babu, a sayi ƙanƙara a sa a kula, a ɗora robobin a kai a rufe, madarar daban, kayan marmarin daban. Kada a jefa ƙanƙarar cikin abincin, ba mu san ruwan da aka yi ta da shi ba. Na san wani zai tuna da dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabara ce mai kyau, amma da busasshiyar iska take aiki, irin tamu ta gida. A nan iskar na da laima, ba za ta yi sanyin da ake so ba. Abu ɗaya da ba wasa a ciki: yankakkun kayan marmari da madarar kwakwa kada su wuce awa 2 a waje ba sanyi. Kun san yadda kunun aya ke juyewa kafin la'asar, to ita ma haka take. A yi daidai ci, a cinye.

In an zo ci, a juye kayan marmarin a babban kwano, a kwarara madarar a kai, a barbaɗa soyayyar dusar kwakwa. Gyaɗa ko riɗi a daka sama-sama a ajiye a ƙaramin kofi a gefe, kowa ya sa da hannunsa, domin akwai waɗanda gyaɗa ke tayar wa da ciwo mai tsanani. In akwai dattijo mai ciwon sukari a gidan, a gaya masa akwai dabino a madarar. Dabino ma sukari ne, sunansa ne kawai ya fi daɗin ji.

Haka muka ɗauki kula da robobi muka shiga mota zuwa gidan su abokiyar ɗakina, da yamma, don 'yar Habasha ta samu ta kai lokacin buɗe bakinta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kawunta, Alhaji ne da hularsa da carbinsa, zaune a falo yana wasa da jikoki. A ƙasar Yarbawa wannan ba abin kallo ba ne, gida ɗaya za ka samu mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, a ci na Sallah tare a ci na Kirsimeti tare. Ko zama ba mu gama yi ba Mama ta ce, "'Ya'yana, kajin nan kawunku ne ya yanka da hannunsa, ku ci hankali kwance." Ashe ta riga ta san tsayawar hannun nan, ta tare ta tun kafin ta zo. Amma duk da haka 'yar Anambara da 'yar Habasha farar shinkafa da soyayyar agada kawai suka iya ci, kek ɗin kuma mu huɗu muka tsallake shi da murmushi.

Da aka kawo kwanonmu, 'yar Habasha ta ɗaga cokali ta ɗan dakata, ta kalli farar madarar. 'Yar Anambara ta taɓa ta ta ce, "Ci kawai, ni na goge kwakwar." Shi ke nan. A duk yinin nan wannan ne abu ɗaya da kowa a falon ya ci, daga Alhaji har ƙaramin jika, ba wanda aka ware wa nasa a gefe. Mama ta tambayi abin da ya kawo tsamin, na nuna mata sauran garin kukan a leda. Ta karɓe, ta ce in an je gida a taho mata da mudu guda.

Na san akwai masu cewa me ya kai ki gidan Kirsimeti tun farko. Nan ba wurin fatawa ba ne, kowa ya tsaya inda zuciyarsa da malamansa suka tsayar da shi, ba kuma wanda zan ga laifinsa. Ni dai ban je coci ba, kamar yadda abokiyar ɗakina ba ta bin mu idi amma tana cin naman Sallarmu. Maƙwabciya ce ta kira ni cin abinci na amsa. Kuma akwai abin da nake so mu riƙe a rai, mu da muke zaune nesa da gida. Mutanen Ibadan ba su manta da rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021 ba, iyayenmu ma ba su manta ba. Har yau in Ummanmu ta ji an ambaci Ibadan a rediyo sai ta kira. Kwanon abarba ba zai hana rikici ba, ban ce zai hana ba. Amma da na gaya mata akwai gida a cikin garin nan da aka san sunana, aka san abin da nake ci da wanda ba na ci, kuma matar gidan ta ce ko tsakar dare ne in wani abu ya taso in taho, sai na ji muryarta ta sauka. Yanzu in ta kira har cewa take, "Kin gaida Mamanku?" Zumunta a ƙafa take, kuma ba a zuwa hannu rabbana.

Wanda bai samu gayyata ba, ko ya samu bai ga zai je ba, haɗin nan bai san Kirsimeti ba balle ya ce sai ranar. Ku yi shi a hostal daren 31 ga wata, ko duk yammar da kewar gida ta yi yawa. Mutum 4 ko 5 su yi karo-karo, wannan ya sayo abarba, wancan ya fito da dabinon da yake ɓoyewa, wani ya kawo kula. Ku ajiye dabarar kuma don azumi, tunda a shekarun nan yana faɗowa kusa da shigowar mangwaro. A cire lemu a sa mangwaro, a buɗe baki da shi, za ku ba ni labari.

Roƙona na ƙarshe a kan 'yan aji ɗaya ne. Akwai yaran da bana ce shekararsu ta farko a Kudu, ba su san kowa ba, ba su san hanyar Sabo ba, kuma ba za su faɗa wa kowa cewa su kaɗai suka rage a ɗaki ba. Ku bi benenku ku ƙwanƙwasa ƙofofi. In kun samu ɗaya, ku miƙa masa kwakwa da abin goga, ku ce ana neman hannu. Ya fi sauƙin amsawa a kan a ce masa zo ka ci.

Allah ya tsare waɗanda ke kan hanya, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. 'Yan uwanmu Kirista, barka da Kirsimeti. Allah ya nuna mana sabuwar shekara lafiya.